Kakan Aro

A zamanin da na bar Kano na tafi Ikko na shiga sojan ruwa, ba wanda ya ɗauki abin sana'a. Mahaifiyata sadakar waina ta yi, kamar an aiko mata da rasuwa. Kawuna ya ce yaron da ya tashi a bakin kududdufi, me ya haɗa shi da ruwan da ba a hango gaɓarsa? In na zo hutu tambaya biyu ake yi mini, ko ana samun tuwo a can, ko na riƙe salla. Ba wanda ya taɓa cewa in zauna in faɗi yadda cikin jirgi yake. Hular aikina da na bari a ɗaki, na dawo na tarar kaza ta yi ƙwai a ciki, aka ce kar in tashe ta. Yau ga ni a Kuala Lumpur, garin da shi ma ba shi da teku sai koguna biyu masu ruwan laka, amma a nan ana cika mota da 'yan makaranta ranar Asabar a kai su gidan tarihi don su ji labarin jiragen ruwan ƙasarsu. A ɗauko tsohon sojan ruwa a ba shi kujera mai laushi da abin magana, yara su zauna a ƙasa suna kallon bakinsa.

Ni a ɗakin inji na yi aikina, can ƙasan jirgi inda rana ba ta leƙawa. Da na ajiye kaki sai na shiga jiragen 'yan kasuwa, su suka yi yawo da ni. Yarbanci a Ikko na tsince shi, Faransanci a Abidjan da Dakar, Larabcin kasuwa a Port Sudan da Jidda. Na sha sanyin Hamburg har na yi kuka da hawaye ina babba. Mashigin Malaka da mutanen nan suke tinƙaho da shi, na ratsa shi tun uban jikata bai fara rarrafe ba. Duk harsunan nan suna bakina, amma ban sami ko ɗaya da zan ba da labarina da shi a cikin gidana ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga Bahaushe. Yaron da nake zaune a gidansa a unguwar Taman Melati, wanda yake koyarwa a jami'a, ɗan farina ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zama kusa da ni mun yi hira ba. Ya gaishe ni a durƙushe, in amsa ina kallon bango, ya tashi. Ya san ubansa ya yi aikin jirgi kamar yadda mutum ya san an haife shi ranar Talata, sani ne da ba a tattaunawa. Matarsa kuwa suruka ce, tsakaninmu sai "Baba, ga abinci" da "Allah ya yi albarka". Da uwargidana ta rasu suka ɗauko ni saboda gwiwa da kaɗaici, na zo da jaka ɗaya da bakina a rufe.

Saura jikata. Yarinya ce 'yar firamare, a nan aka haife ta, in ka yi mata Hausa ta amsa da Turanci ko Malayanci, sai in tana son wani abu a wurinka Hausar take fitowa tas. Ita ce kaɗai a gidan da al'ada ta sakar mini baki a kanta, amma ta sake shi ne don wasa. Kaka da jika ba sa magana a miƙe. Haka na taras, haka kakana ya yi da ni, ya rantse mini cewa shi ya haƙa rijiyar da wata yake kwana a ciki. To ni ma haka na yi. Ta tambaye ni inda na koyi Faransanci, na ce kifi na hau daga Ikko zuwa Dakar, a hanya ya koya mini. Ta ce me ya sa teku bai cinye ni ba, na ce kullum da safe ina ba shi goro. Ina faɗa ina ɗaure fuska, don daɗin abin ke nan. Ita kuma ta fizge hulata ta gudu bayan kujera tana cewa, "Tsoho sarkin zuƙi! Mama, zo ki ji ya fara." Ni da na yi zaman duniya a ƙasashe da yawa, ban taɓa samun abin da ya fi wannan gudun da hular daɗi ba.

Sai makarantarsu ta sa su a wani shiri na gidan tarihi. Akwai zaure guda a can na jiragen ruwa, ana kai yara duk Asabar har zangon karatu ya ƙare. Ranar farko ta dawo ko takalmi ba ta gama cirewa ba ta fara: Atok ya ce kaza, Atok ya yi kaza. Atok shi ne kaka a bakin mutanen nan. Na ce wane ne kuma Atok, ni na san kakanta na wajen uwa yana Zariya. Ta ce wani tsohon sojan ruwa ne da yake zuwa ya koya musu, ya yi sintiri a mashigin Malaka, ya kori 'yan fashin teku da masu fasa-ƙwauri, ya san sunan kowace tuta da abin da take faɗa wa jirgin da ke nesa.

Na ce, "Wannan mashigin? Ai kwata ce. Ni da tsalle nake ƙetare ta."

Ba ta ko yi dariya ba. Ta ce, "Atok na gaske ne fa," ta wuce ɗaki.

Daga nan gidan ya cika da igiya. Ta ɗaure ƙafar tebur da ta kujera, ta ɗaure murfin tukunya, ta ɗaure sandata a jikin ƙarfen baranda. Wata rana tana makaranta na ɗauki ɗaya daga ƙulle-ƙullen na juya shi gaba da baya ina neman inda aka yi kuskure, in ta dawo in ce Atok ɗinta bai iya ba. Babu kuskure. Ƙulli ne mai kyau, irin wanda ba ya zamewa kuma ba ya cijewa, an koya mata shi yadda ya kamata, da haƙuri. Na ajiye shi, shayina ya huce ban sha ba.

Na rasa inda zan kai abin da ke cina. Da hantsi nakan hau jirgin ƙasa in je kasuwar Chow Kit in tsaya wurin masu kifi, ba don saye ba, don warin. A nan akwai mutanen Indonesiya da na Bangladesh da suka san ruwa, mukan haɗa Turanci da Malayanci da hannu mu fahimci juna. Amma su ciniki ne a gabansu, tsoho ya tare musu gaban tebur. Wani lokaci in je bakin tafkin Titiwangsa in zauna ina kallon masoya suna tuƙa 'yan kwale-kwalen da ake murzawa da ƙafa, ina ce wa kaina ga irin tekun Atok nan. Na san ba gaskiya ba ne. Mutumin da ban taɓa gani ba, na zana masa fuska, na ba shi tumbi, na yanke hukuncin cewa a ofis ya yi aikinsa. Da shekaruna, da furfurata, da carbi a hannu.

Surukata ce ta gaya mini maganar ranar rufe shirin, tana ajiye mini abinci tana kallon ƙasa. Malamar shirin ta ce kowane yaro ya zo da wani babba daga gidansu wanda ya taɓa hulɗa da ruwa, masunci ne, ma'aikacin tashar jirgi ne, ko me, su tsaya tare a gaban jama'a yaron ya gabatar da shi. Wanda ba shi da kowa, za a ara masa Atok.

"To ita yarinyar me ta ce?"

"Baba, yarinta ce."

"Me ta ce?"

"Ta ce mu 'yan Kano ne, ba mu da teku. An ba ta Atok ɗin. Murna take ta yi."

Na ce Allah ya yi albarka. Abincin kuwa kamar na tauna tsumma.

Da yamma na kira yarinyar, na zaunar da ita a gabana, na ce yau ba wasa. Na ce mata na yi sojan ruwa, na yi jiragen 'yan kasuwa, shekarun da na yi a kan ruwa sun fi na ubanta a makaranta. Na faɗi sunayen garuruwa. Na ɗaure fuska don ta gane da gaske nake. Tana kallona, kumatunta suna cika, can ta fashe da dariya har da faɗuwa kan tabarma. Ai da wannan fuskar na hau kifi. Duk yadda na ƙara murtukewa sai ta ƙara tabbata sabon zuƙi ne, wanda ya fi na baya gwaninta.

Na ce, "Je ki tambayi ubanki."

Ta je. Ina jin su daga falo. Ya ce mata, "E, Baba ya yi aikin jirgi," da muryar mutumin da ke son a bar maganar, don kunya ba za ta bar shi ya tsaya yana zancen ubansa ubansa na ji ba. Ta ce wane jirgi, ya ce ta je ta yi aikin makaranta. Ta dawo ta ce, "Kun haɗa baki." Sannan ta sauke murya, Hausarta ta fito tas: "Kaka, don Allah in ka zo kar ka ce komai. Kar ka yi zancen kifin nan a gaban Atok. Za su yi mini dariya."

Ranar Asabar muka tafi, ni da ita da uwarta. Na sa babbar rigata mafi kyau, ban san wa nake yi wa ba.

Na shiga gidajen tarihin ruwa a Turai lokacin da jirgi yake tsayawa gyara. Nasu manya ne, masu sanyi, an rubuta komai a bango an bar ka da shi, mai gadi yana bin ka da ido. Na nan ƙarami ne, amma an yi shi don yara su taɓa. Ga sitiyarin jirgi na katako da kowa zai juya, ga ƙararrawar tagulla, ga tutoci a jere, ga ƙananan jiragen da aka sassaƙa, tun daga kwale-kwalen sarakunan da har zuwa jiragen sintiri masu launin toka. Ga fararen kaki a bayan gilashi, an goge su kamar masu su za su dawo anjima. Na tsaya ina tuna mutanen da muka yi aiki tare, 'yan Arewa ƙalilan da muka san juna a Ikko, yawancinsu sun rasu, 'ya'yansu ba su da ko maɓallin rigarsu. Kishin ya tashi daga kan mutum ɗaya ya koma kan ƙasa guda.

Sai ga Atok. Ba tumbi. Ɗan siririn tsoho ne, gajere, da baƙar hula irin tasu, da sanda, yana tafiya ƙafafu a buɗe kamar ƙasa tana iya karkacewa. Wannan tafiyar ba a koyon ta a ofis. Jikata ta saki hannun uwarta ta ruga, ta kama hannunsa da hannu biyu, ta sunkuya ta kai shi goshinta, yadda yaran nan suke gaida manya. Ya dafa kanta. Ni tunda na zo gidan gaisuwar da na sani daga gare ta ita ce fizgar hula.

Aka fara. Wani yaro ya zo da kakarsa mai busar da ƙananan kifi a garinsu, wata ta zo da kawunta mai tuƙa injin ɗaga kaya a tashar jirgi. Aka zo kan jikata. Ta tsaya kusa da Atok, ta yi bayani da Malayanci mai kyau wanda rabi kawai na kama, ta ƙulla igiya a gaban kowa, aka tafa. Uwarta tana ɗaukar hoto da waya tana satar kallona. Na tafa ni ma. Na cika alkawari, ban ce komai ba.

Bayan an tashi aka kawo shayi da 'yan kayan zaƙi. Na zagaya ina duba zauren, ina neman abu ɗaya. Can a lungu, kusa da ƙofar banɗaki, na same shi: hoto guda, ƙarami, na ɗakin inji, ko mutum babu a ciki. Duk zauren nan na 'yan sama ne, masu tsayawa a iska. Kunnena ya daɗe da lalacewa, inji ya cinye shi, ban san ƙarfin muryata ba. Na zaci a raina na yi maganar, ashe da Turanci na yi ta, kuma har bakin ƙofa an ji.

"Ko'ina haka suke. 'Yan sama su sa farin kaya a ɗauke su hoto, jirgin kuma aljanu ne suke tura shi."

Kowa ya waiwayo. Na hango jikata ta rufe fuska da hannu. Sai na ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda tana matsowa. Atok ya tsaya a gabana, ya ɗaga kai ya dube ni, ya kira ni yadda suke kiran wanda ya je Makka.

"Tuan Haji, ɗan inji ne?"

"Ƙwarai."

"Na sani. Kurame ne dukanku, shi ya sa kuke ihu a gidan mutane."

Shi ma ihun yake yi, bai sani ba. Na ce, "Mun kurumce ne don ku sami wutar da za ku goge kaki."

Ya ce, "Ku da ba ku taɓa ganin teku ba? A zuba mutum a tukunya a rufe, a buɗe bayan shekaru, ya fito ya ce ya zaga duniya."

Wannan ta shige ni, don akwai gaskiya a ciki. Na ratsa mashigin Malaka ban ga komai ba sai agogon mai da na zafi. Na ce, "In muka kashe inji, sai ku ɗauki tutocin nan naku ku yi wa jirgin fifita ya tafi."

Ya ce, "In muka bar muku sitiyari, sai ku kai mu kasuwar Chow Kit."

Ya kama dariya har da tari, ni ma ban san lokacin da tawa ta kuɓuce ba, alhali ban zo da niyyar yi masa dariya ba. Faɗan 'yan sama da 'yan inji ya girme mu duka, na yi shi da Girkawa, na yi shi da mutanen Filifin, ko'ina kalmomin iri ɗaya ne. Ya tambaye ni irin injinan da na yi aiki da su, na faɗa, ya girgiza kai ya ce tsofaffin nan masu zubar da mai. Ya tambayi garuruwa, na lissafa. Yara suka kewaye mu. Ina cikin magana na ga jikata ta kutso ta tsaya a tsakaninmu. Ba ni ta kalla ba. Rigar Atok ta ja.

"Atok, da gaske ne? Kakana ya taɓa shiga jirgi?"

"Wannan? Ai irin wannan rashin kunyar ba a koyon ta a tudu." Sai ya daina dariya, ya sunkuya daidai fuskarta. "Ni ruwan ƙasarmu na tsare, ban yi nisa ba. Kakanki ya je inda ni sai a taswira. Kina da wannan a gida kika zo kina aron tsoho?"

Da ya yi mini rowa, da ya yi girman kai, da na sami abin riƙewa. Sai ya yi mini kyauta a gaban jama'a, kyautar abin da yake nawa. Na yi maganar nan da bakina a falo an yi mini dariya. Shi ya faɗe ta sau ɗaya ta zauna. Malamar ta zo tana ba ni haƙuri da ladabi, ta ce da sun sani ai da ni za a tsayar. Na ce ba komai. Atok ya riƙe hannuna ya kai nasa ƙirji, ya ce in riƙa zuwa, zauren yana buƙatar kurma na biyu. Na ce in Allah ya yarda, irin wadda ake faɗa in ba za a zo ba.

Muka hau jirgin ƙasa za mu koma Taman Melati. Jikata tana kallon taga ta ce, "Kifin fa?"

"Babu kifi."

"To me ya sa ka yi ta yi mini ƙarya?"

Uwarta ta ce, "Ke! Kakanki kike gaya wa haka? Ba ƙarya ba ce, wasa ne. Haka ake yi a gida."

"Atok ba ya yi."

Yarinyar da ta tashi a Kano ba sai an gaya mata ba. Tana ganin sauran jikoki da kakanninsu, ta san ana zuƙi a tsakar gida, a kuma ji gaskiyar mutum a bakin maƙwabta da 'yan uwa, waɗanda za su ce ai kakanki ba ƙaramin mutum ba ne. A nan ba maƙwabcin da ya san ni, ba goggo, ba abokin ƙuruciya. Na kawo rabin al'ada a jakata, ɗaya rabin ya zauna a gida, ni kuma ban lura ba sai da wani tsoho mai baƙar hula ya tsaya a gurbin.

Ban koma gidan tarihin ba. Ita tana zuwa, an sake buɗe shirin, ta zama cikin manyan da ke nuna wa ƙanana. Takan kawo mini gaisuwarsa, in ce ina amsawa. Har yanzu in ta ambace shi kishin nan yana motsawa, na daina yi wa kaina faɗa a kai.

Yanzu da yamma in ta dawo makaranta sai ta zo ta kama hannuna da hannu biyu ta kai goshinta, ta zauna a gefe da nutsuwa. Yawanci da "Atok ya ce in tambaye ka" take farawa. Yaya zafin ɗakin inji yake, me ake ci in an daɗe ba a ga tudu ba, ina ake fuskanta in za a yi salla jirgi yana juyawa. Ina ba ta amsa a miƙe, tana saurare, wani lokaci ubanta yakan rage muryar talabijin daga ɗaya ɗakin. Na gwada sau ɗaya na sako mata wani zuƙin a tsakiyar labari, ta dube ni ta ce, "Kaka, na gasken nake so." Ta yarda ni ɗan ruwa ne, a kan shaidar wani. Wasan da ke tsakaninmu kuwa ya ƙare a zauren nan, bai dawo ba.